Ranar da Na Faɗi Shekarun Babanku

Jikata Maryama ce ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Na ce mata ta rubuta da Hausa yadda na faɗa, in kalma ta shige mata duhu ta tambaye ni, kada ta musanya mini ita da Larabci. Wannan babin naku ne, ku 'ya'yan ɗana na fari. Na san abin da ake faɗa a gidajenku duk lokacin da sabunta iƙama, takardar izinin zama, ya zagayo, aka sha wuyar neman sa hannun kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo. Cewa kuke yi Kaka Asabe ce ta ja mana, da ta kama bakinta na yini ɗaya da yanzu mu 'yan ƙasa ne. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabana, amma tsufa bai toshe mini kunne ba. To, ga yadda abin ya faru daga bakin wadda ta yi shi. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne, zan riƙa cewa babanku.

A Sudan na haife shi, muna tsinkar auduga a kan hanyarmu ta zuwa hajji. Da muka sauke farali sai muka zauna a Jidda, kakanku yana dako a bakin ruwa, har zazzaɓi ya ɗauke shi ya bar ni da yara biyu, babanku da gwaggonku Zainabu. Babanku ya taso da laulayi, ɗan firit da shi, ƙafafu kamar sillen kara. Ranar da na kai shi makaranta shekararsa tara. Magatakarda ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya, ya rubuta shida. Ina tsaye ina ji, ban gyara ba, don an gaya mini ba a karɓar mai shekara tara a ajin farko. Ku riƙe wannan. Ƙaryar nan ba babanku ya fara ta ba, shirun da na yi ne ya haife ta.

Sana'ata gyaɗa ce. In soya ta da yashi da hantsi, in ƙulla a takarda, da la'asar in ɗauki faranti in tafi bakin fili. A unguwarmu Mahajar a lokacin akwai wani fili mai gishiri-gishiri, in iska ta taso daga teku har ɗanɗanonsa kake ji a leɓe. Nan samarin unguwa ke buga ƙwallo, nan kuma ciniki yake. Da farko ba na ko kallo, idona yana kan faranti. Amma mutum ba zai zauna wuri ɗaya shekara goma, ana abu a gabansa kullum, bai fara gani ba. Na fara gane wane yaro ne ke waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi, wane ne sai ta zo yake tunanin abin da zai yi da ita. Na gane wanda ke gudu ko babu ƙwallo a ƙafarsa, da wanda ke tsayawa ya riƙe ƙugu in an ƙwace masa. In faɗa muku gaskiya, son wasan ya kama ni sosai. Ranar da ba a buga ba sai in ji yinin bai cika ba.

A bayana kaɗan akwai gahawa, wato shagon shan shayi, da gadajen igiya da ake jerawa a waje maza su zauna. Nan 'yan kallo na gaske suke, ba sa fashi. Shugabansu Malam Ɗahiru direban tasi, abokin kakanku ne, tare muka zo daga Sudan. Sai Usman tela, wanda ba ya yarda da kowa sai an yi gardama. Waɗannan mutane ba su da aiki in la'asar ta yi sai auna 'ya'yan mutane. Wannan zai kai, wancan ba zai kai ba, wane ƙafarsa ɗaya, wane zuciyarsa ƙarama. Su yi ta yi har a kira magariba, ana zuba shayi ana rantsuwa. Abin ba wasa ba ne a wurinsu, domin manyan kulob-kulob na gari sukan aiko mutum lokaci-lokaci ya duba yaran unguwanni, kuma kowa ya san in yaro ya kai babbar ƙungiya ya zauna da gindinsa, kulob kan tsaya masa ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ni dai ina jinsu, ba na sa baki. Mai gyaɗa ce ni. Amma ina da nawa ma'aunin a zuci, kuma na sha ganin nawa ya fi nasu daidai. Akwai wani Sale da suka ɗaga sama shekaru kafin nan, yaro ne da ya riga tsaransa girma. Kulob ya ɗauke shi, ya bar koyon kafinta. Cikin shekara biyu tsaransa suka kamo shi a tsawo, suka wuce shi a wayo, aka sallame shi. Na gan shi da idona yana wanke kofuna a gahawar nan, mutanen da suka yi masa kirari suna miƙa masa kofi ba tare da sun dubi fuskarsa ba.

Sai Allah ya kawo lokacin babanku. Laulayin ya sake shi gaba ɗaya, ya miƙe kamar an ja shi, kafaɗa ta buɗe, murya ta fashe. Da safe yana koyon gyaran injin kwalekwale a wurin wani Bahadrame, mutumin Yaman, da la'asar yana fili cikin 'yan shekara sha huɗu, tunda abin da takardarsa ta ce ke nan. Ya fi kowa gudu, ya fi kowa ƙarfi. Ya tura ƙwallo gaba, ya bi ta, duk wanda ya tare shi ya ture, ya buga da dama, ta shiga. Malam Ɗahiru ne ya raɗa masa Saruk, wato roka. In ya ɗauki ƙwallo sai gahawa ta miƙe tsaye. Har daga wasu unguwanni ake zuwa kallonsa, cinikina ya ninka. Ni kuwa ban taɓa ɗaga murya ba, mutane suna cewa alkunya ce ta ɗan fari. Akwai alkunya, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin da nake gani daban ne. Ina ganin saurayi mai shekara sha bakwai a cikin yara. Ba ya ɗaga kai, don bai taɓa buƙatar kowa ba. Hagunsa ta tsayuwa ce kawai. Bai iya karɓar ƙwallo ya kwantar da ita ba, don ko ta gudu zai riga kowa isa wurinta. Duk abin da ya kamata ya koya a shekarun nan, ƙarfinsa ya hana shi koyo. Abu ɗaya na gani a wurinsa da ba su gani ba. In an ƙwace musu ƙwallo ya juyo da baya, yana sanin inda ɗan gaba zai bi tun kafin ya bi. Ɗan baya ne Allah ya halitta, gahawa ta mai da shi ɗan gaba.

A ƙungiyar tasu akwai wani Bakur, ɗan wata mai wanki, siriri, in an taɓa shi sai ya faɗi. Usman tela yana cewa iskar teku ma za ta kayar da shi. Amma yaron nan kafin ƙwallo ta zo masa ya riga ya waiwaya sau biyu, kuma da kowace ƙafa yake bayarwa. Yawancin ƙwallayen da Saruk ke ci, daga ƙafar Bakur suke fitowa, ba mai lura.

Da labari ya zo cewa wani kulob zai aiko mutum ya ɗauki yaro ɗaya cikin ƙungiyarsu ta yara, sai gidanmu ya cika da murna. Zainabu tana ta lissafa abin da za ta saka ranar da yayanta zai fito a jarida. Ni na bari sai da muka zauna cin abincin rana, na ce masa ya bar wasa da yaran nan, ya koma cikin manyan samari masu aiki a bakin ruwa, ya buga baya shekara biyu, ya koyi hagu, sannan a yi maganar kulob. Ban yi masa maganar shekaru ba, bakina ya yi nauyi. Dariya ya yi, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsohuwa.

"Inna, ke da gyaɗa, ina ke ina ƙwallo? Halas, shi ke nan, ki bar wa Baba Ɗahiru wannan."

Na bar shi. Washegari na tari Malam Ɗahiru kafin mutane su taru, yana goge motarsa. Shi ya san gaskiya, shi ya yanka ragon sunan babanku. Na ce masa yaron nan ya fi abin da takarda ta ce da shekara uku, kuma ya sani. Ya dubi hagu da dama, ya sassauta murya, ya ce rabin yaran da ke kulob-kulob haka suke, ba mu muka fara ba. Na ce masa ba maganar wasu nake ba, Sale nake tunawa. Ya jefar da tsumman hannunsa a kan mota.

"Asabe, amanar marigayi ce a wuyana. Takardar ƙasa ake magana, ba ƙwallo ba. Ki yi shiru shekara biyu kawai, jikokinki su yi miki addu'a."

Kun ji, har ku ya ambata tun ba a san za a haife ku ba. Kuma maganarsa ta shige ni. Na yanke a raina zan yi shiru, kamar yadda na yi a gaban magatakarda.

Abin da ya sauya ni ya faru ne mako guda kafin zuwan mutumin kulob. Ana wasa da yaran wata unguwa. Mai tsaron gidansu ɗan ƙaramin yaro ne, ba zai wuce sha uku ba, rigar ma ta yi masa yawa. Babanku ya taho da gudunsa, yaron ya fito ya kwanta kan ƙwallo, babanku bai tsaya ba. Ragar nan kusa da wurin zamana take. Na ji ƙarar ƙashin, kamar an karya busasshen itace. Ƙwallo ta shiga, gahawa ta kaure da ihu, ana Saruk, Saruk, yaro yana birgima a ƙasa da hannu a lanƙwashe inda ba gaɓa. Ni na cire mayafina na biyu aka ɗaure masa. Na ji Usman tela yana cewa ai wannan shi ne ƙarfin da kulob ke nema. Babanku ya zo ya tsaya kan yaron, bai yi da gangan ba. Amma ni na san abin da ya faru. Ƙato ne ya hau yaro, kuma ni na sa shi a cikinsu. A kulob ɗin ma yara zai tarar, 'ya'yan wasu matan irina. Ranar ko gyaɗar ban ƙarasa sayarwa ba.

Nan ne na yi kuskuren da nake so ku sani, don shi ne nawa na gaskiya. Ina da kwana bakwai. Da na zaunar da shi a ɗaki, mu biyu, na gaya masa shekarunsa da abin da na ƙudura. Kullum in ce gobe. In dube shi yana wanke takalminsa yana waƙa, sai in kasa.

Ranar Juma'a da la'asar mutumin ya zo, ana kiransa Ustaz, mai furfura kaɗan, da ɗan littafi a hannu. Aka ba shi gado mafi kyau a gahawa. Babanku ya ci uku a rabin farko. Da aka tafi hutu, Ustaz ya taso ya zo sayen gyaɗa, maza suna biye da shi. Wani ya ce masa ai wannan ce uwar Saruk. Ya yi murmushi, ya yi mini barka cikin Larabci, ya ce Allah ya albarkaci yaron, jikinsa kamar ba ɗan sha huɗu ba. Daga nan ya tambaye ni, cikin raha, ko da gaske sha huɗun ne. Da bai tambaya ba, ban san abin da zan yi ba. Amma ya tambaya, ido cikin ido. Malam Ɗahiru yana bayansa yana girgiza mini kai.

"Sha bakwai ne," na ce. "Ni na haife shi."

Tunda na riga na fara, sai na ƙarasa. Na ce masa in yana son yaro na ƙungiyar yara, ya dubi siririn can mai waiwaye. Nawa kuma ya kai shi cikin manya, ya sa shi a baya, ya ba shi shekara biyu, zai gode mini. Ustaz ya daɗe yana kallona. Ya tambayi tun yaushe nake zama a nan, na gaya masa. Ya koma ya kalli rabi na biyu a tsaye, idonsa a kan Bakur. Da aka tashi ya dawo wurina, ya yi magana a hankali. Ya ce abin da na faɗa a kan yaran biyu ya gani. Amma ɗana ba zai iya ɗaukarsa ba ko ta ina. Cikin yara, ya riga ya ji gaskiya a gaban shaidu. Cikin manya kuwa, takarda ta ce yaro ne, ba za a yi masa rajista ba. Sai in an gyara takardar.

Wannan ban hango shi ba. Na ɗauka ƙofa ɗaya zan rufe in buɗe wata, ashe duka biyun na rufe. Bakur aka ɗauka. Babanku yana tsakiyar fili wani ya je ya gaya masa. Bai zo wurina ba. Ya cire takalmi ya rataya a wuya, ya bi ta bayan gahawa ya tafi. Kwana uku yana shigowa gida ba ya ce mini komai, in na ajiye abinci Zainabu ce ke miƙa masa, ita ma ba ta kallona. Rana ta huɗu ya bi wani kwalekwale zuwa garin Yanbu, ya aiko wa ƙanwarsa cewa ya samu aikin inji a can, kada a neme shi.

Washegarin tafiyarsa na soya gyaɗata, na ɗauki faranti na koma wurina. Zainabu ta tare ƙofa tana kuka, ta ce in rufa mana asiri, unguwa gaba ɗaya zagina take. Na ce mata in na fasa zuwa yau, na yarda ke nan ƙarya ce ta kamata. Na je na zauna. Ba wanda ya saya. Mazan gahawa suka riƙa aiken yara can nesa wurin wata mata. Ana cewa uwar da ta sayar da ɗanta, wasu na cewa uwar Bakur ce ta yi mini asiri. Malam Ɗahiru ya juya gadonsa ya ba ni baya. Wata biyu haka, ina komawa da faranti cike, muna cin gyaɗar da ba ta sayu ba a miya. Ban fasa ko rana ɗaya ba. Kuma tun a makon farko na riga na san abin da zan yi. Ustaz ya ce sai an gyara takarda, to zan gyara ta.

Ban iya karatu ba, ban san ƙofar da ake bi ba. Na fara da umda, wato mai unguwa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya zo a ƙara masa shekaru ba, kowa ragewa yake nema. Ya tura ni wurin masu rubuta takardun koke a Balad, tsohon gari, waɗanda ke zama da akwatinsu a gindin tsofaffin gidaje. Da asuba nake fita a ƙafa, in je in dawo kafin lokacin suya. Wannan ya ce in koma makaranta, makaranta ta ce in je kotu, kotu ta ce in kawo maza biyu da suka san haihuwarsa. Maza biyu da suka rage a duniya waɗanda suka san haihuwar nan su ne Malam Ɗahiru da Usman tela, don shi ma a garin yake lokacin. Usman ya ba ni mamaki. Na je shagonsa, bai ɗaga kai daga keke ba, ya ce shi har yanzu yana ganin na yi wauta, amma Bakur da ya raina an ce yana ta ci gaba a kulob, don haka wata ƙila idona ya fi nasa. Ya ce zai je. Malam Ɗahiru kuwa sau biyar ina zuwa ƙofar gidansa, matarsa tana cewa ba ya nan, ga motarsa a tsaye. Na shida na zauna a kan dakalinsa tun safe, na ce ba zan tashi ba. Da azahar ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya a kaina.

"Kin kashe shi, yanzu kuma kina neman mai ɗaukar gawa?"

Na ce masa bai mutu ba, yana Yanbu, kuma shi ne ya ce amanar marigayi ce a wuyansa. Ya wuce masallaci. Ranar da aka sa mana a kotu, na fito da asuba zan kama hanya, sai na tarar da tasinsa a ƙofar gida, Usman a gaba. Har muka je muka dawo bai yi mini magana ba, amma ya ɗaga hannu ya yi shaida.

Fiye da shekara aka ɗauka kafin takardar ta fito. Na naɗe ta a leda, na ɗaura a ƙugu, na hau motar kaya zuwa Yanbu, ni da ban taɓa fita Jidda ni kaɗai ba. Na same shi a bakin ruwa, cikin wata rumfa, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya rame, ya tara gemu. Da ya gan ni ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda aka saba, ya shimfiɗa mini buhu. Na kwance takardar na miƙa masa. Ya goge hannu ya karanta, ya sake karantawa. Na fara ba shi labarin magatakarda, na ce ni na ɓoye masa, laifina ne. Ya tare ni.

"Inna, na sani tun da daɗewa. Ina tuna jirgin da muka ƙetaro da shi. Ina tuna Baba ya ɗaga ni in ga kifi. Jariri ba ya tuna wannan."

Ashe duk lokacin nan shi ma yana ɗauke da abin, yana ci wa yara ƙwallo yana sane. Ya ce tun ranar da ya karya yaron nan ba ya barci sosai. Ya ce da na kira shi ɗaki na ce ya bari, wata ƙila da ya yi gardama, wata ƙila da ya bari, bai sani ba.

"Amma a gaban gahawa, Inna. A bakin wani na ji."

Na ce masa wannan ba ni da amsarsa, ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba a ranar. Ya saya mini kifi, ya sa ni a mota, ya riƙe takardar.

Bayan wata huɗu ya dawo Jidda. Ya je wurin Ustaz da takardarsa, aka gwada shi cikin manya, aka ce ya makara, shekara biyu ba wasa sun ci shi, kuma hagunsa babu. Ya dawo gida. Washegari da asuba na ji wani abu yana dukan bangon bayan gida, tim, tim. Na leƙa, shi ne, yana buga ƙwallo da hagu, ta dawo ya sake. Haka ya yi kullum kafin ya tafi aiki, har maƙwabta suka gaji da ƙorafi. Ya shiga ƙungiyar ma'aikatan bakin ruwa, ya ce a sa shi a baya. Shekara bakwai ya buga musu, har ya zama kyaftin. Ba jarida, ba takardar ƙasa, ba wanda ya sake ce masa Saruk. Amma 'yan gaban Jidda na lokacin sun san shi, ba sa son ranar haɗuwa da shi, kuma bai sake karya kowa ba. Ranar da ya fara tare wani shahararren ɗan gaba da ƙafar hagu, ya ɗauke ƙwallon cikin ruwan sanyi ya miƙa, na ji Malam Ɗahiru a bayana yana gaya wa gahawa cewa shi tun asali ya san yaron nan ɗan baya ne. Ban juya ba. Bayan wasa ya aiko aka saya masa gyaɗa ƙulli biyu.

Bakur ya kai babbar ƙungiya, ya buga shekaru, ya samu takarda. Jikokinsa suna unguwar Safa, kun san su, ba sa bin layin iƙama. Ko babanku zai samu da na yi shiru? Ban sani ba. A ganina da an sallame shi kamar Sale kafin a kai ga takarda, amma ganina ba wahayi ba ne, na sha yin kuskure a kan yara. Mai yiwuwa ne da ya samu. Mai yiwuwa ne wahalar da kuke sha yau daga bakina ta fito. Ba zan ce muku ba haka ba ne don ku ji daɗi. In an mai da ni bakin filin nan aka sake tambayata, sha bakwai zan ce. Abin da zan sauya kwana bakwai ɗin nan ne da na yi ina cewa gobe.

A ciwonsa na ƙarshe, ku manyan kuna tunawa, ni ke zama wurin kansa da rana in uwarku ta tafi girki. Wata rana muna mu biyu, na tambaye shi abin da na shekara talatin ina son tambaya, ko ya yafe mini maganar gahawa. Ya buɗe ido yana mamaki, ya ce ai ya ɗauka na sani. Ya ce tun ranar da ya ga na sauko daga motar kaya a Yanbu, ƙafafuna a kumbure, ya yafe, girman kai ne ya hana shi faɗa. Na ce to ya faɗa yanzu da bakinsa, ina so in ji. Ya faɗa.

Don haka in lokacin iƙama ya zo kuka ji haushi, ku ambaci sunana, wuyana zai ɗauka. Amma kada wanda ya sake gaya wa 'ya'yansa cewa babanku ya tafi yana riƙe da ni. Ni ce a wurin, ku ba kwa nan. Maryama, ajiye alƙalamin haka, ki ba ni ruwa.